Shin Najeriya ƙasar "ba ruwan addini" ce?

Tambaya: Wani mahaifi daga Mabera a Sakkwato ya ce ya ji ana cewa Najeriya ƙasar sekula ce, wato ƙasar da gwamnatinta ba ruwanta da addini. Shin hakan na nufin wata rana za a iya cire darasin addinin Musulunci daga makarantun gwamnati, ko a hana 'yarsa sanya hijabi?

Amsa: Malam, kalmar sekula ba ta cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Abin da sashe na 10 ya ce shi ne gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini a matsayin addinin hukuma ba. Kundin nan dai shi ne ya ba jihohi damar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a sashe na 275, kuma gwamnati ce ta kafa Hukumar Alhazai ta Ƙasa a 2006. Ka ga tsarinmu ya sha bamban da na Faransa, wadda ta raba coci da gwamnati a 1905, sannan a 2004 ta hana ɗalibai sanya ɗankwali da sauran alamomin addini na fili a makarantun gwamnati.

A makaranta, sashe na 38 ne garkuwarka. Ba a tilasta wa yaro darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Wannan kariya ta shafi ɗan Musulmi a Inugu kamar yadda ta shafi ɗan Kirista a Sakkwato, kuma nan ne mutane ke yawan kuskure: kowa yana tuna haƙƙin ɗansa, yana mantawa da na ɗan maƙwabcinsa. Sashen bai hana koyar da addini ba. A kan hijabi kuwa, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yunin 2022 cewa ɗalibai mata Musulmi suna da 'yancin sanya shi a makarantun gwamnatin Legas.

Inda doka ta fi tsanantawa siyasa ce. Sashe na 222 ya hana jam'iyya suna ko tambari mai alamar addini, dokar zaɓe ta 2022 kuma ta hana kamfe a masallaci da coci.

Idan aka tauye wa 'yarka haƙƙi, rubuta takardar koke ga shugaban makarantar, ka ajiye kwafi mai kwanan wata. In shiru ya yi yawa, ka kai wa Ma'aikatar Ilimi ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ka damar shigar da ƙara a Babbar Kotun Jiha.