Ƙofar Kabet Bayan An Yage Mata Leda

Sani, na ga hoton da ka turo. Ka ce ledar ƙofofin kabet ɗin kicin na Hajiya tana ɗagowa, ka yage ta ƙofa ɗaya ka shafa fenti mai ƙyalli kai tsaye, da gari ya waye ka tarar gefen ya shanye fentin ya yi kaushi, tsakiya kuma ta yi dabbare-dabbare. Kana tambaya ko ka ƙara shafi na biyu. Kada ka ƙara. Ajiye burushin tukuna.

Abin da ke ƙarƙashin ledar nan MDF ne, garin itace da aka kwaɓa da gam aka danne shi ya zama allo. Fuskarsa santsi gare ta, amma gefensa da wuraren da aka sassaƙa kwalliya kamar soso suke, duk abin da ka ba su sai sun sha. Dabbaren tsakiya kuwa sauran gam ne da ka bari, fenti ba ya zama a kansa. Ita ledar da zafi aka manna ta a kamfani, shi ya sa zafi ne ke ɗaga ta. Duba da kyau, za ka ga ƙofofin da ke kusa da abin girki na gas da inda tururin tukunya ke bugawa su ne suka fara.

Kwance ƙofofin gaba ɗaya, ka cire hinji da mariƙi. Kowace ƙofa ka rubuta mata lamba a cikin ramin hinji, inda fenti ba zai rufe ba, in ba haka ba ranar mayarwa za ka sha wuya. Ledar da ta rage, hura mata zafi da injin hura zafi, in babu shi na busar da gashi ma yana yi. Fara daga kusurwa, kana hurawa kana ja a hankali. In zafin ya yi daidai za ta taho kamar fatar rago a hannun mahauci. In ka fizge ta da sanyi, sai ta tafi da naman allon ta bar maka ramuka. Kada ka bari ta ƙone, hayaƙinta guba ne, kuma a waje za ka yi aikin cire ledar.

Gam ɗin da ya rage ka kankare shi, ka goge da tsumma mai ɗan tina, ruwan tsinka fenti, ɗan kaɗan, ba jiƙawa ba. Ya bushe, sannan sanfefa mai lamba 120, ka bi da mai lamba 220 wadda ta fi laushi. Rufe hanci da baki, ƙurar MDF laushi gare ta kamar garin fulawa, tana shiga ƙirji.

Ruwa kam kada ya taɓa allon nan. Ina ƙaramin yaro a aiki na taɓa wanke irin waɗannan ƙofofi da ruwan omo don in cire maiƙo, kafin la'asar gefunan biyu sun kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi. Ba su koma ba, sai da aka yanka sababbi. MDF in ya sha ruwa ya kumbura, sanfefa ba ta mayar da shi. Don haka ne ma ba na son ka fara da fentin ruwa a kan tsiraicin allo, yana tayar masa da gashi.

Inda aikin yake shi ne shafin farko. Sayi firaima ta mai, wato fentin da ake fara shafawa don ya toshe allon. Ramukan da ka gani ka cike su da fila, ƙullun cike rami, su bushe, ka goge. Sai ka shafa firaima siriri a fuska, gefe da cikin sassaƙa kuma ka ba su sau biyu, wani lokaci har uku. Bayan kowane shafi ka bari ya bushe yadda aka rubuta a jikin gwangwani, ka bi shi da 220 da hannu mai sauƙi. Ga yadda za ka gane ya isa: rufe ido ka bi gefen da yatsa, ka bi fuskar. In ba ka ji bambanci ba, allon ya ƙoshi. In gefen yana kama yatsa, da saura.

Daga nan fenti ba wuya. Shimfiɗa ƙofofin a kwance a kan katako, ka shafa siriri sau biyu da ƙaramar rola ta soso, ko ka yi feshi in ka samu inji. Shafi mai kauri zai yi hawaye a gefe, kuma cikinsa ya daɗe bai bushe ba. Yanzu da hunturu ya shigo, ƙura ce abokiyar gabarka. Share ɗakin, yayyafa ruwa a ƙasa, ka rufe taga, kada ka shafa a tsakar gida. Bayan ƙofar, farin nan mai santsi, in bai lalace ba ƙyale shi, goge maiƙon kawai.

Ka gaya wa Hajiya tun yanzu cewa fenti yana bushewa a kwana ɗaya, amma bai gama tauri ba sai an yi makonni. Ta yi haƙuri da wanki da dirza kamar mako uku. Ka kuma duba ƙofar da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. In ƙasanta ya riga ya kumbura, kada ka ɓoye da fenti, faɗa mata gaskiya, mu je kasuwar Na'ibawa 'Yan Katako a Kano mu yanko wata.

Ƙofar da ka riga ka shafa wa fenti, bar ta kwana biyu ta ɗan yi tauri, ka goge ta da 120 har gam ɗin da ke ƙasa ya fita. Ita za ka fara yi wa firaima, ka kawo mini shago ranar Asabar in taɓa gefen kafin ka shiga sauran.