Me ya sa ƙasashen dimokuraɗiyya ba sa yaƙar juna?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa ƙasashen da ke bin dimokuraɗiyya ba sa yaƙar juna. Gaskiya ne? Ga Amurka kuma, kullum ba ta rabuwa da yaƙi.

Amsa: Maganar Amurka da ka kawo ita ce bakin zaren. Masana ba su ce ƙasar dimokuraɗiyya ba ta yaƙi ba, ai Amurka da Birtaniya sun afka wa Iraƙi a 2003. Abin da suka lura da shi shi ne, da wuya ƙasashe biyu da dimokuraɗiyya ta zauna da gindinta a cikinsu su ɗauki makami a kan juna.

Tun 1795 masanin falsafar Jamus, Immanuel Kant, ya ce idan talakan da zai biya kuɗin yaƙi, ya kuma je fagen daga da kansa, shi ne mai ta-cewa, ba zai yi garajen amincewa ba. Masanin siyasa Michael Doyle ya farfaɗo da wannan tunani a 1983. Amma hujjar ba ta wadatar ba, domin wannan talakan kan goyi bayan yaƙar mai mulkin kama-karya.

Wasu sun ce sabo ne: shugaban da ya saba warware rigimar gida a majalisa da kotu yakan ɗauka takwaransa ma haka yake. Ni dai na fi gamsuwa da bayanin masanin siyasa James Fearon na 1994. Zaɓaɓɓen shugaba in ya yi barazana a bainar jama'a sannan ya janye, 'yan ƙasarsa za su hukunta shi a akwatin zaɓe. Saboda haka abokin rigimarsa ya san ba kurari yake ba. Ga jaridu, ga 'yan adawa, kowa na ganin cikin ɗan'uwansa. Yaƙi kuwa sau da yawa rashin sanin iyakar abokin gaba ke haddasa shi. A 1898 sojojin Birtaniya da na Faransa sun yi cirko-cirko a Fashoda, bakin Kogin Nil, amma Faransa ta janye ba a gwabza ba.

Sai dai kada ka ɗauki maganar kamar yankan wuƙa. Indiya da Pakistan sun gwabza a Kargil, yankin Kashmir, a 1999, dukansu da zaɓaɓɓun firaministoci, ko da yake sojojin Pakistan ba sa ƙarƙashin farar hula sosai. Wasu kuma na cewa ƙawancen Yaƙin Cacar Baka ne ya haɗa kan ƙasashen Yamma, ba ƙuri'a ba. Abin da ya fi damuna shi ne binciken masana siyasa Edward Mansfield da Jack Snyder na 1995: ƙasar da ke tsakiyar sauyawa zuwa dimokuraɗiyya, hukumominta ba su yi ƙwari ba, ta fi saurin faɗawa yaƙi.