Sai na sayi manhaja kafin in share sarari a fayil?

Tambaya: Malam, ina karatun kwamfuta a Kaduna Polytechnic. An ba mu aikin cire sarari daga fayil ɗin rubutu da Lex, manhajar da ake rubuta wa ƙa'idoji ta bi rubutu ta tantance shi. Wani mai shagon kwamfuta ya ce in sayi manhajar da ke yin haka, ƙawata kuma ta ce umarnin tr na Linux, mai sauya haruffa ko share su, shi kaɗai ya wadatar. Maganar wa zan bi?
Ɗaliba daga Tudun Wada

Amsa: 'Yata, riƙe kuɗinki. Mike Lesk da Eric Schmidt ne suka rubuta Lex a Bell Labs a 1975, magajinsa kuma Flex na Vern Paxson kyauta ake samunsa a Linux. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, tr -d ' \t' zai share, amma Lex aka ce ki koya, kuma shi ne zai yi miki rana in aka ce ki bar sararin da ke cikin alamar zance.

Rubuta wannan a fayil mai suna share.l:

%option main
%%
[ \t]+ ;

Sai ki ba da umarnin flex share.l, zai fitar miki da lex.yy.c, ki mayar da shi manhaja ta amfani da gcc, mai harhaɗa shirin yaren C. Duk abin da bai dace da ƙa'idarki ba, Flex yana kwafe shi yadda ya same shi, shi ya sa layi ɗaya ya isa.

Amma ki tambayi malaminku abin da yake nufi tukuna. In kin share duka, "ina kwana" zai koma "inakwana". Yawanci so ake sarari goma ya zama ɗaya, to sai ki sa putchar(' ') a wurin da kika bari fayau, kafin alamar ; ta ƙarshen ƙa'idar.

Abin da ya fi damuna shi ne rubutunmu na Hausa. Flex bayit-bayit yake karantawa, kuma a tsarin adana haruffa na UTF-8 ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu ne. Ƙa'idar sama ba ta taɓa su. Sai dai rubutun da aka kwafo daga intanet kan zo da wani ɓoyayyen sarari mai lamba \xC2\xA0. Ki share su biyun a haɗe. In \xA0 kaɗai kika bi, za ki lalata harafin à na alamar karin sauti, domin da wannan bayit ɗin yake ƙarewa.

Fayil ɗin da ya fito daga Windows kuma kowane layinsa yana ƙarewa da alamar \r kafin \n, ki ƙara \r ɗin cikin ƙa'idar. Ki gwada a kan kwafi, ki ajiye na asali gefe.