Amsa ga Yaya kan ajin taliyar da 'yarka take koyarwa a Bolonya

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya iyali, ya jikin Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya iso kuma na fahimci abinda ya tayar maka da hankali, wato bidiyon da ake turawa a WhatsApp ɗin dangi na 'yarka sanye da mayafinta Turawa sun kewaye ta tana murza fulawa, ga kofuna a kan tebur da wani abu mai kalar ruwan lemo a ciki. Ka tambayi mene ne a kofin, wannan haƙƙinka ne don uba kake a gare ta. Amma ƙarshen maganarka inda kace "anya kuna nan a Hausawanku kuwa" ita ce ta tsaya min a rai, shiyasa nace bari in zauna in rubuta a tsanake, tunda ba kai kaɗai ke wannan tambayar ba, kai ne dai ka fito fili ka yi ta.

Wurin da take aiki ɗakin koyon girki ne na baƙi masu yawon buɗe ido. Irinsu sun cika Italiya, a Roma akwai, a Firenze akwai, a Bolonya ma ba'a magana don nan ne ake ɗauka cibiyar taliyar ƙwai. Mutum zai taso daga Amurka ko Ostareliya ko Japan, ya gaji da kallon tsofaffin gine-gine, sai ya biya kuɗi ya shiga aji na yamma ɗaya, a ɗaura masa ƙyallen girki a ba shi katako da fulawa da ƙwai ya kwaɓa da hannunsa, a ƙarshe a dafa abinda ya yi su zauna su ci tare. Wasu ajujuwan suna haɗawa da koyon haɗa abin shansu na yamma, koktel kenan, nata yana cikin irin waɗannan, zan zo kan wannan ba ɓoyewa zan yi ba.

Ka san dai mu a gida taliya abincin gaggawa ce, amma su nan sana'a ce mai martaba wacce ake gado. Matan da ke murza ta da hannu ana ce musu sfoglina, kuma tsohuwa a cikinsu girman da ake ba ta ba kaɗan ba ne. Ƙa'idar mai sauƙin faɗi ce, ƙwai ɗaya ga fulawa giram 100, ba ruwa, ka tara fulawar a katako ka yi rami a tsakiya ka fasa ƙwan ka dinga janyo fulawar a hankali da cokali mai yatsu, sannan ka murza da tafin hannu kamar minti 10 har ta yi sulɓi, a rufe ta ta huta rabin awa. Inda aikin yake shine wajen shimfiɗawa da muciyarsu mai suna mattarello, doguwa ce ta kai kusan mita ɗaya, ana turawa ana juya faifan kwaɓin ana turawa har ya zama faffaɗa siriri. Mutanen Bolonya cewa suke sai in ka ɗaga shi kana iya hango cocin San Luca da ke kan tudun bayan gari ta cikinsa sannan ya yi. Daga nan a naɗe a yanka da wuƙa, shine tagliatelle, minti biyu uku a tafasasshen ruwa ta dahu. Kuma kar ka ɗauka wasa suke da abin, a 1972 sai da suka je ofishin 'yan kasuwa na garin suka yi wa faɗinta rajista, milimita 8 in ta dahu. Baƙo ya zo yace a ba shi spaghetti bolognese sai kaga fuskar mai gida ta canza, don su a garinsu basa haɗa miyar namansu da spaghetti.

To 'yarka, baƙar fata 'yar Bahaushe, ita ce take tsayawa gaban mutum goma sha tana nuna musu wannan da Italiyanci da Turanci, kuma wata tsohuwa 'yar asalin garin ce ta koya mata har ta yarda da hannunta ta bar mata ajin. Wallahi Yaya ni abin alfahari ne a wurina, don na san irin kallon da aka yi mana lokacin da muka zo ƙasar nan.

Kuma ai ba daga sama ta ɗauko ba. Ka manta Inna Allah ya jiƙanta da me ta riƙe mu bayan rasuwar Baba? Taliyar murji. Injin nan na hannu da take ɗaurewa a bakin benci, ni da kai muna karɓa-karɓa wajen juya hannun kafin mu tafi makarantar allo, igiyoyi sun cika tsakar gida an shanya, kaji na kai hari ana kora, da azahar yara su yi layi da kwanoninsu a zuba musu da manja da yaji. Irin injin sak yana nan a ɗakin girkinsu, suna ba waɗanda muciyar ta gagara. Ranar da na fara ganin yarinyar nan ta sunkuya kan katako tana tura kwaɓi da ƙarfin kafaɗa sai da hawaye ya zo min, don tsayuwar Inna ce, alhali bata taɓa ganinta ba.

Yanzu maganar da ta fi damunka. Eh akwai alade a girkin mutanen nan, kuma yankinmu na Emilia ma ya yi suna a kai, nan ne gidan mortadella da naman Parma, duk sarrafaffen naman alade ne. Miyar namansu mai suna ragu ta asali wacce suka yi wa rajista a 1982 akwai kitsen cikin alade a ciki akwai giya, tortellini kuma, wato ƙananan taliyar da ake cusa wa nama, cikinsa kusan duk alade ne. Mun san wannan fiye da yadda kuke zato, don mu ne muke rayuwa a ciki kullum. Yaron da aka haifa a gidan Bahaushe a nan tun yana firamare ya san ya juya leda ya nemi kalmar strutto, man alade kenan, don suna sa shi har a burodi da gurasarsu ta piadina, ya san kayan zaƙinsu tiramisu wani da giyar Marsala ake yi, ya san shinkafarsu ta risotto ana zuba mata farar giya, a makaranta kuma iyaye suna cike takarda a ba yaro abinci marar alade kuma ana bayarwa. Ita a ajin nata kwaɓi da yanka da tortelloni take koyarwa, wanda cikinsa cuku ne na ricotta da ganye, a dafa shi a juya a man shanu. Miyar naman wani ne yake dafawa, bata ɗanɗanawa. In aka samu baƙi Musulmi, kuma ana samu sosai daga Malesiya da Indonesiya da ƙasashen Larabawa, ita ce ke zuwa wurin mahauci ɗan Maroko ta sayo naman halal ta yi musu tasu miyar a tukunya daban.

Abin kofin kuma. Mutanen nan suna da al'adar aperitivo, wajen ƙarfe shida zuwa takwas na yamma kafin cin abincin dare a zauna a sha wani abu mai ɗaci-ɗaci da ɗan abin taɓawa. Wanda ya fi yawa shine spritz da ake yi da Aperol, wani abin sha mai kalar ruwan lemo da aka fara yi a Padova a 1919, sai kuma Negroni na Firenze wanda ya fi shi ƙarfi nesa. Duka giya ne, ba wani kwana-kwana. Wani saurayi ɗan Italiya ne yake koyar da wannan ɓangaren a ɗaya gefen ɗakin lokacin da kwaɓi yake hutawa. Abinda ke hannun 'yarka a bidiyon Crodino ne, lemon kwalba ƙarama marar giya ko ɗigo wanda suke yi tun shekarun 1960, kalarsa ce ta yi kama da wancan, ko a gidana akwai shi a firiji kuma in ka zo shi zan ba ka. Tun ranar da za ta karɓi aikin ta faɗa wa mai wurin cewa bata zubawa bata miƙawa bata ɗaukar tiren, saboda ta san hadisin da ya haɗa mai sha da mai zubawa da mai ɗauka, ba ni na tuna mata ba, a islamiyyar ranar Lahadi ta koya. Matar ta yarda.

Ba zan ce maka kowa a cikinmu ya gamsu ba. Akwai dattijo a masallacinmu mutumin Damagaram da har yau yake ganin zama a ɗakin da ake sha ma bai dace ba, kuma maganarsa tana da nauyi, ni kaina na fi son ranar da za ta buɗe nata wurin ba kwalba ko ɗaya, tana tara kuɗi don haka. Amma mun zauna mun tattauna da malamai da iyaye, ba wai mun saki yara ba ne kamar yadda ake faɗa a gida. Abinda ke min ciwo shine daga nesa ana yanke hukunci da bidiyon daƙiƙa talatin, ba wanda ya tambayi wane irin aiki ne ke akwai. Ni ƙuruciyata a kamfanin tayil na wajen Sassuolo ta ƙare, ƙura da zafin wuta da aikin dare. Wasu 'yan uwanmu da basu samu wannan ba a masana'antar yankan alade suka samu, suna kuka suna yi har Allah ya canza musu. Kuɗin da ke zuwa gida na asibiti da na makaranta da na ragon layya daga irin waɗannan wuraren ya fito, ban taɓa jin an dawo da shi an ce a bincika ba. Ba gori nake ba Yaya, kai ma ka ɗauki naka nauyin, amma ya kamata a dinga yi mana adalci.

Ko mu Hausawa ne har yanzu? Zo Modena ko Reggio Emilia ko Brescia ranar suna ka gani. Mu nan ba Kanawa ne zalla ba, akwai mutanen zangon Kumasi da Akara waɗanda su suka fi yawa ma, akwai na Agadas da Maraɗi da Damagaram, akwai 'yan Kamaru, Hausar kowa da irin tata amma tabarma ɗaya muke zama. Masallatanmu yawanci tsofaffin ɗakunan ajiya ne da muka kama haya da sunan ƙungiya don har yau gwamnatin Italiya bata ƙulla yarjejeniya da Musulunci ba irin wacce ta yi da wasu addinai, layya ba'a yanka a gida sai a mayanka mai izini, in an yi rasuwa karo-karo muke a kai gawa gida ko a nemi maƙabartar da ta ware wa Musulmi wuri. Tuwo kuwa da garin semola muke tuƙawa kuma yana yi.

Inda nake da damuwa ta gaskiya shine harshe. Yaranmu suna ji sarai amma in sun haɗu junansu Italiyanci suke, ƙaramin nawa in na yi masa magana da Hausa da Italiyanci yake amsawa sai na haɗe rai. Kuma ka duba halin da suke ciki, yaron da aka haifa a nan in iyayensa baƙi ne ba ɗan ƙasa ba ne sai ya cika 18 ya nema, an ba shi shekara ɗaya kacal ya yi hakan, a watan Yunin 2025 an yi ƙuri'ar raba gardama don a rage shekarun jira na manya daga 10 zuwa 5 mutane basu fito da yawa ba abin ya faɗi. Nan ana tambayarsu daga ina kuke, in sun je Kano hutu ana ce musu Turawa ana dariyar Hausarsu. 'Yarka ta dawo daga zuwanta na ƙarshe bata ce komai ba sai daga baya uwarta ta faɗa min wai 'yan uwanta sun sa ta maimaita magana suna ɗauka a waya. Yaro in an yi masa haka sai ya rufe bakinsa, gobe kuma a ce ya ƙi harshensa.

Aure da 'yan ƙasa yana faruwa, ba zan musa ba. Samarinmu da suka auri Italiyawa akwai, wasu auren ya zauna wasu ya watse kuma in ya watse rigimar yara ce mai zafi. Mata kuma ba mu bayarwa sai ga Musulmi, wannan ba'a taɓa sassautawa ba. Akwai maƙwabcina da ya ba wani Ba'italiye 'yarsa bayan ya musulunta, an yi surutu sosai wai don auren ya yi, yau shi ne yake buɗe masallaci da asuba lokacin sanyi.

Ita dai 'yarka ba Bature ta kawo ba, tunda na san can tambayar taka ta nufa. Yaron da ke nemanta a Reggio aka haife shi, makanikin injinan masana'anta ne, iyayensa mutanen zangon Kumasi, kakansa na sama fataucin goro ne ya kai shi Gwanja daga ƙasar Katsina ya zauna. Na san abinda wasu a gida za su ce, wai ɗan Gana ne, don haka nake gaya maka tun yanzu kafin ka ji a bakin wani. Na bincika gidansu da sallarsa da mu'amalarsa kuma hankalina ya kwanta. Kai ne waliyyinta, ba zan karɓi sadaki ba sai da yawunka. Manyansa suna so su kira ka ranar Juma'a bayan la'asar ɗinku, ka sanar da ni in lokacin ya yi maka, kuma don Allah kafin nan ka kira ita yarinyar da kanka ka tambaye ta duk abinda kake so game da aikin nata, za ta amsa maka da Hausa.