Amsoshin Tambayoyinku: Mayar da Tsohon Wasa Kan Sabuwar Kwamfuta

Wasiƙun wannan karo sun taru ne a kan tsofaffin wasannin kwamfuta irin waɗanda mutum yake gina jarumi ya bi dogon labari yana zaɓen abin da zai faɗa da abin da zai aikata, da kuma gyare-gyare da ƙare-ƙaren da masu sha'awarsu suke ƙirƙira, waɗanda ake kira mod.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da faifan Morrowind da na saya tun da daɗewa, ina so in sake saka shi, amma sabuwar kwamfutata mai Windows 11 ba ta da wurin faifai. In sayi na'urar karanta faifai ne, ko in sake sayen wasan? Idan sayen ne, a Steam ko a GOG?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce ka sake sayen wasan, ka bar faifan a matsayin abin tunawa. Kamfanin Bethesda ya fitar da Morrowind a 2002, sannan ya biyo da ƙari guda biyu, Tribunal a 2002 da Bloodmoon a 2003, kuma kusan duk mod ɗin da za ka so sakawa a yau yana buƙatar su ukun a haɗe. Idan faifanka na fitowar farko ne, to ba shi da su, alhali kwafin da ake sayarwa a intanet yanzu ya haɗa duka. Bayan haka, yawancin faifan wasannin wancan zamani suna ɗauke da makullin hana kwafi irin su SafeDisc, wanda Microsoft ya daina goyon bayansa tun daga Windows 10, don haka yana yiwuwa na'urar ta karanta faifan lafiya lau amma wasan ya ƙi tashi.

Tsakanin waɗannan shagunan intanet biyu, ga tsohon wasan da za a yi wa mod na fi karkata ga GOG, domin yana ba ka fayil ɗin girkawa ba tare da makulli ba, ka adana shi, ka sake girkawa duk sanda ka ga dama ko da babu intanet, kuma mai harkar mod ba ya rasa ranar da zai buƙaci farawa daga tushe. Steam ma yana aiki, sai dai ka lura da sharaɗinsa na mayar da kuɗi: cikin kwana 14, kuma kada wasan ya kai awa 2 a buɗe, lokacin da gwaje-gwajen saiti kaɗai suke iya cinyewa. GOG yana ba da kwana 30. Kwafin kyauta da ake rabawa a wasu shafuka kuwa ban ba ka shawarar kusantarsa ba, domin ban da kasancewarsa haƙƙin wasu, ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, kuma idan ya sami matsala ba wanda zai iya gane ko daga mod ne ko daga wanda ya fasa shi.

Akwai zaɓin da ya fi na shago nauyi, wanda ba ka tambaya ba. Hanya biyu ake bi wajen kunna Morrowind a yau. Ta farko ita ce injinsa na asali, wato manhajar da ke tafiyar da wasan, a ɗora masa Morrowind Code Patch don toshe kurakurai, da MGE XE don ya cika faffaɗan allon zamani ya kuma nuna nesa. Ta biyu ita ce OpenMW, sabon inji na kyauta da masu sa kai suka rubuta daga farko, wanda ba abin da yake nema daga gare ka sai fayilolin wasan na halal. Yana aiki a Windows da Linux da macOS, kuma bai cika mutuwa a tsakiyar wasa ba. A nan ne kaɗai faifanka zai iya amfani, idan yana da ƙarin nan biyu kuma ka sami aron na'ura ka kwashe fayilolin. Amma mod ɗin da aka gina a kan MWSE, manhajar da ke faɗaɗa abin da mod zai iya yi a injin asali, ba ya aiki a OpenMW, kuma ajiyar wasan da ka yi a ɗaya ba ta buɗewa kai tsaye a ɗayan, saboda haka sai ka yanke shawara kafin ka fara. Ga wanda ya daɗe bai taɓa wasan ba, OpenMW da facin Patch for Purists sun isa a zagayen farko. Tamriel Rebuilt, wanda ya ƙara babban yankin da ke kewaye da tsibirin Vvardenfell inda labarin wasan yake gudana, yana aiki a duka biyun, kuma zai jira ka. Abu ɗaya da zan roƙe ka shi ne kada ka yi gaggawar sauya tsarin faɗa don ka ga takobinka yana wuce abokin gaba ba ya samunsa. Haka aka tsara shi, sara yana dogara ne da ƙwarewar jarumin a makamin da kuma yawan gajiyarsa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Baldur's Gate II nake son komawa. Wasu sun ce na asali ya fi, wasu sun ce in sayi Enhanced Edition. Wanne ya fi dacewa da mai son saka mod?

Amsa: Malama, ki sayi Enhanced Edition. BioWare ya fitar da na asali a 2000, Beamdog kuma ya fitar da gyararren a 2013, wanda yake dacewa da allon zamani ba tare da wahala ba, ya kuma shigar da yawancin gyaran da a dā sai an nemo faci daban, kuma a kansa ne akasarin masu rubuta mod suke aiki yanzu. Masu kukan cewa sababbin abokan tafiya da aka ƙara ba su dace da salon labarin ba suna da hujjarsu, amma ba wanda ya tilasta miki ɗaukarsu cikin tawaga.

Inda gizo ke saƙa shi ne jerin girkawa. Mod ɗin wannan wasa ana saka su ne da manhajar WeiDU, wadda take sauya fayilolin wasan kansu ɗaya bayan ɗaya, kowane mod yana gini a kan abin da na gabansa ya bari. Idan kika cire na tsakiya, sai ta warware duk waɗanda suka biyo bayansa ta sake mayar da su, kuma a nan ne abubuwa suka fi lalacewa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce gyaran kurakurai da farko, sai ƙarin labari, sai sababbin abokan tafiya, sai kayan yaƙi da sihiri, sannan sauye-sauyen dokoki da masu ƙara wa abokan gaba wayo irin su Sword Coast Stratagems can kusa da ƙarshe. Kafin ki taɓa komai, ki kwafi foldar wasan gaba ɗaya ki ajiye gefe.

Tambaya: Na saka mod kusan 90 a Fallout: New Vegas, yanzu ba ya minti 20 bai rufe kansa ba. Na goge na sake saukewa daga Steam, ba abin da ya sauya. Ina tunanin ƙara RAM ko sayen sabon katin hoto. Wanne zan fara saya?

Amsa: Ko ɗaya, ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka tukuna. Wannan wasa na Obsidian ya fito ne a 2010, kuma manhaja ce mai bit 32, wadda a yadda ta zo ba ta iya amfani da fiye da gigabait 2 na RAM komai yawan abin da ke cikin kwamfutar. Ko da ka cika ta da gigabait 32, wasan ba zai ga ƙarin ba. Abin da yake ɗaga wannan iyaka zuwa gigabait 4 ƙaramin faci ne na kyauta, 4GB Patcher, kuma daga nan ba sauran ƙari. Shi ya sa manyan hotunan bango da na tufafi da mutane suke ɗorawa don ƙawa su ne kan gaba wajen kashe wasan: suna cika ɗan wurin da yake da shi, sabon kati kuma ba ya faɗaɗa shi.

Gogewar da ka yi ma ba gogewa ba ce. Steam yana cire fayilolin da shi ya saka ne kawai, ya bar na mod a cikin foldar, don haka sabon wasan ya sauka ne a kan tsohon tarkace, kamar wanda ya shafa fenti a bangon da ya tsage. Ga yadda za ka yi. Ka kwashe fayilolin ajiyarka daga foldar My Games da ke cikin Documents ka adana su wani wuri, ka cire wasan, ka goge foldarsa da hannunka, ka goge fayilolin saiti masu ƙarewa da ini da ke My Games. Ka sake girkawa a wajen Program Files, domin Windows yana tsaron wannan folda yana kuma hana wasu manhajojin mod rubutu a cikinta. Ka kunna wasan sau ɗaya ba mod ko guda, ka tabbatar yana tafiya. Sannan ka saka facin gigabait 4, da xNVSE wanda mod da yawa suke dogara da shi, da NV Tick Fix mai rage sarƙewar wasan, da facin kurakurai na YUP. Idan a cikin jerinka akwai New Vegas Stutter Remover, to ka sami babban wanda ake zargi, domin an san shi da kashe wasan a Windows 10 da abin da ya biyo baya, duk da cewa tsofaffin jagorori suna ta yaba shi.

Sauran mod ɗin ka saka su ta Mod Organizer 2, wanda yake ajiye kowanne a foldarsa daban ba tare da ya taɓa fayilolin wasan ba, ta yadda kashe mod bai wuce cire alama ɗaya ba. Ka riƙa saka biyar ko goma, ka gwada, sannan ka ƙara. Idan matsalar ta dawo, ka kashe rabin jerin ka gwada, ka ci gaba da raba rabin da ke da laifin har ka kai ga guda. A jeri mai 90 gwaji 7 ya isa. Ka yi wannan gwajin da sabon wasa, domin ajiya tana riƙe da bayanan mod ɗin da aka yi ta da su, kuma wadda aka cire mata mod a tsakiyar tafiya tana iya lalacewa ba gyara. Idan kwamfutarka ta tafi-da-gidanka ce mai katin hoto biyu, ka duba saitin Windows ka tabbatar wasan yana amfani da babban, ba ƙaramin ba.

Tambaya: Shin dole sai na biya kuɗin Premium a shafin sauke mod na Nexus Mods kafin in sami mod masu kyau?

Amsa: A'a. Mod ɗin da mai biya yake saukewa shi ne wanda mai asusun kyauta yake saukewa. Abin da kuɗin yake saya maka shi ne saurin saukewa da kuma damar manhaja irin su Wabbajack ta kwaso ɗaruruwan fayiloli da kanta, maimakon ka riƙa danna kowanne da hannu. Idan mod 20 ko 30 za ka saka, ba ka da buƙatarsa. Idan kuwa shiryayyen jeri mai ɗaruruwa kake so, ka biya na wata ɗaya, ka sauke komai, ka adana fayilolin a wani faifai daban, sannan ka duba asusunka ka dakatar da sabunta biyan kafin watan ya cika.