Injin zartona yana gurnani amma ba ya tashi: sai an sake naɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Tawa. Na sayo tsohon injin zarto mai tebur a kasuwar Katako ta Yamai. In na kunna shi sai ya yi ta gurnani, ba ya tashi sai na tura zarton da itace, wani lokaci ma wutar shagon ta yanke. An ce mini wayar ciki ta ƙone, in kai a sake naɗi. Me kuka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tura zarton nan dai ka bari tun yau, ko da itace ne, don ran da ya fizge, yatsu ne za su biya. Batun naɗi kuma ka dakata. Moter da ke juyawa lafiya bayan an tura shi, da wuya babbar wayarsa ta ƙone. Da ta ƙone, da hancinka ya riga kowa sani, don ƙaurin ba ya ɓuya.

Zare wayar daga wuta, ka cire kurwa, wato bel ɗin da ke haɗa moter da zarto, ka juya moter ɗin da hannu. In ya yi tauri ko ka ji ƙaras-ƙaras, rulma ce, wato zoben nan mai ƙwallayen ƙarfe da sandar moter ke juyawa a ciki, ta ci ƙura. Lambarta na rubuce a jikinta, ka sayi irinta. In kuwa yana juyawa sumul, ni kondansater nake zargi, wato ɗan gwangwanin nan mai riƙe caji da ke jikin moter.

Moter irin na wutar gida ba ya iya tashi da kansa. Akwai ƙaramin naɗi na biyu da kondansater da ke ba shi turin farko. In kondansater ta mutu, wuta na shiga, moter na gurnani yana zafi, yana jan wuta fiye da ƙima, shi ya sa ta shagonka ke yankewa. Sau da yawa za ka same ta ta kumbura ko tana yoyon mai. Kada ka taɓa bakinta da hannu, tana riƙe wuta ko bayan an kashe injin. Mai gyara ya sauke cajin tukuna. Sabuwar ta zama adadin µF ɗinta, wato ma'aunin cajin da take ɗauka, daidai da na tsohuwar, volt kuma kada ya gaza. A wasu injunan akwai kuma ɗan makunni a gindin moter, wanda ke cire naɗin farawa idan gudu ya kankama. Garin katako da ƙurar hunturu kan toshe shi, iska da ɗan gogewa sun ishe shi.

Abin da masu sayen tsohon kaya ke yawan mantawa shi ne karanta farantin da ke jikin moter. Wutar gida ta NIGELEC, kamfanin lantarkin Nijar, 220 V ce, 50 Hz. In farantin ya ce 380 V, injin na wuta mai layi uku ne, kuma a layi ɗaya gurnanin nan zai yi ta yi. Na Amurka kuma galibi 120 V ne, 60 Hz: sai da taransfoma, kuma mai gudun zagaye 3450 a minti zai sauko wajen 2850.

Doguwar waya siririya ma tana kashe masa ƙarfi, balle a zafin Afrilu da wuta ke rauni. Sa mai kauri, aƙalla 2.5 mm², gajera.

In ya tashi, ka goge tsatsar teburin da kalanzir, ka daidaita zarton da katangar da katako ke bi, ka mai da ƙarfen nan da ke tsaye bayan zarto in an cire shi. Shi ke hana katako matse zarto ya dawo maka a ƙirji.