Bidiyona Ya Samu Kallo Dubu Tara Amma Babu Ciniki, Shin In Sayi Mabiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi da shadda daga gida a nan Kano, a Kantin Kwari nake saro kaya. Shafina na Instagram ya kusa shekara biyu amma mabiyana ba su kai dubu biyu ba. Watan jiya na biya wani yaro ya haɗa mini bidiyo huɗu masu kyau, da kiɗa da rubutu mai juyawa. Ɗaya har ya samu kallo sama da dubu tara, amma wallahi ko turmi ɗaya ban sayar ta dalilinsa ba. Jarin kuma ba nawa ba ne ni kaɗai, har da kuɗin adashin yayata a ciki. Yanzu wani ya ce mini matsalar ita ce mabiyana sun yi kaɗan, mutane ba sa yarda da ƙaramin shafi, wai zai ƙara mini 10,000 cikin kwana biyu idan na biya shi na kuma ba shi kalmar sirrina. Hankalina a tashe yake, ga azumi yana matsowa, lokacin cinikin kayan sallah. Bidiyon ne ba su yi ba, ko mabiyan ne? In saya?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa wa nema albarka, ya fitar da ke kunyar yayarki. Kada ki saya, kuma kada ki ba kowa kalmar sirrinki. Zan yi bayanin dalili, amma bari mu fara da dubu taran nan da ta ruɗe ki.

Wannan lamba ba ta nufin mutum dubu tara sun tsaya sun kalli kayanki. A TikTok, da zarar bidiyo ya fara motsi an ƙirga shi kallo ɗaya. Instagram tun 2024 ya mai da yawan kallo babban ma'auninsa, kuma idan mutum ɗaya ya maimaita bidiyon ana sake ƙirgawa. YouTube ma ya koma irin wannan lissafi a gajerun bidiyonsa na Shorts tun watan Maris na 2025. Don haka wanda babban yatsansa ya share bidiyonki ya wuce cikin sakan ɗaya yana cikin dubu taran. Ki shiga sashen alƙaluma na shafinki, wanda suka sa wa suna Insights, ki duba matsakaicin lokacin da aka kalli bidiyon da kuma zanen da ke nuna inda mutane suka watse. Idan bidiyon sakan 30 ne, matsakaicin kallo kuma sakan 3, to yawancin masu kallon ba su ma kai ga ganin atamfar ba. Daga nan ki duba mutum nawa suka tura shi ga wani, nawa suka adana shi, nawa suka leƙa shafinki bayan sun gani, nawa suka yi miki magana. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya bayyana a watan Janairun 2025 cewa abubuwa uku ne suka fi nauyi wajen yaɗa abin da aka ɗora: tsawon lokacin kallo, yawan masu danna so, wato "like", a cikin waɗanda suka gani, da yawan masu turawa a cikin waɗanda suka gani. Ki lura, yawan mabiya ba ya cikin ukun.

Daga yadda kika siffanta bidiyon, ina iya hasashen inda aka kuskure, don kullum sai na ga irinsa. Yaron ya buɗe da tambarin shagonki yana juyi, sai "barka da zuwa", sai kiɗa ya ɗauka, kayan kuma sai a sakan na biyar ko na shida. Ya nuna gwanintarsa a manhajar haɗa bidiyo ta CapCut, bai sayar miki da yadi ba. A bidiyon kaya, sakan biyu na farko na kayan ne: hannu yana warware turmi, ko leshi an ɗaga shi a haske ana ganin aikin jikinsa. Ki ɗauka da hasken rana, a inuwa kusa da taga ko a baranda da hantsi, kuma ki hana a sa masa abin canza kala. Mai sayen shadda kalar take saye, in ta ga shuɗi mai duhu a waya aka kai mata mai haske, kin rasa ta kin kuma rasa ƙawayenta. Ki ɗauka a tsaye, ma'aunin 9:16, ki ajiye rubutu a tsakiya, domin maɓallan manhaja suna rufe ƙasa da gefen dama. Ki rubuta farashi da yawan yadi ɓaro-ɓaro, saboda da yawa suna kallo ne sautin waya a kashe, a cikin mutane ko dare ya yi. Wannan ɗabi'a ta "a shigo inbos don jin farashi" tana korar masu kunyar tambaya, kuma su ne mafi yawa. Muryarki da Hausa, kina faɗin sunan kayan da kuɗinsa da yadda ake kai wa Zariya ko Katsina, ta fi kowane kiɗa aiki. Ki tabbata salon rubutun da aka zaɓa yana fitar da ƙ da ɗ da ɓ, don wasu suna mai da su ɗan akwati. Kuma kada ki sauke bidiyo daga TikTok da tambarinsa ki ɗora a Instagram, tun 2021 suka faɗa cewa suna rage yaɗa irin wannan.

To, yanzu sai maganar mai sayar da mabiya, kuma ki yi haƙuri zan daɗe a nan, domin babu abin da ya kai shi cin jarin matan da ke sana'a a gida. Kusan kowace rana sai wata ta kawo mini shafi mai mabiya dubu talatin ko hamsin, ana ɗora kaya mutum goma sha biyu su danna so, tana kuka wai an yi mata asiri ko an sa mata ido. Ba kowa ya yi mata asiri, da kuɗinta ta saya.

Su wane ne waɗannan 10,000 ɗin? Shafuka ne da na'ura ta ƙirƙira, ko waɗanda aka sace daga masu su, ko na mutanen wasu ƙasashe da ake biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba su riƙa danna "bi". Ba su san atamfa ba, ba su jin Hausa, ba za su taɓa turo miki alat ba. Kamar ki yi hayar mutane ne su cika miki shago a Kwari su zauna, ba mai taya kaya, mai saye na gaskiya kuma in ya leƙo ya ga cinkoson da babu ciniki a cikinsa sai ya sha jinin jikinsa. Masu saye a yau ba yara ba ne. Mace takan buɗe shafi ta ga mabiya dubu goma sha biyu, ta gangara ta ga babu ko mutum ɗaya da ya tambayi farashi a ƙarƙashin hotuna, sai ta ce wannan 'yan damfara ne, ta wuce. Yardar da aka ce za ki saya, ita ce ta farko da za ta gudu.

Ɓarnar da ba a gani kuma ta fi wannan. Alƙaluman shafinki su ne idonki. Yau in kin duba za ki ga mabiyanki mata ne, 'yan Kano da Kaduna da Abuja, ki ga shekarunsu da lokacin da suka fi hawa. Da zarar kin zuba dubu goma na bogi a kan dubu biyun gaske, kashi biyar cikin shida na bayanan nan sun zama ƙarya, za ki ga garuruwan da ba ki taɓa jin sunansu ba a saman jerin. Ranar da kika zo biyan talla kika bar manhaja ta nemo miki masu kama da mabiyanki, da wa za ta kwatanta? Sai ki biya kuɗi a karo na biyu don a nuna leshinki ga waɗanda ba su da alaƙa da shi. Ga kuma dokar kamfanin kansa: ƙa'idojin Instagram na abin da yake ba da shawarar a kalla sun ambaci cewa ba ya tallata shafukan da suka riƙa bin hanyar yaudara wajen tara jama'a, kamar sayen so. Ke da kike neman baƙin ido su ga kayanki kafin sallah, wannan ita ce ƙofar da kika fi buƙata.

Kuma mabiyan ma ba sa zama. A watan Disamba na 2014 Instagram ya yi shara, manyan taurari suka wayi gari sun rasa miliyoyin mabiya. A watan Nuwamba na 2018 ya sanar cewa zai riƙa cire so da bi na bogi da ake samu ta wasu manhajoji, kuma har yau ana yi. Shi ya sa za ki ji mai sayarwar yana yi miki alkawarin "in sun ragu zan cika miki". Ya san za su ragu, ya san za ki dawo. A Amurka har hukuma ta shiga maganar: a 2019 hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar, FTC, ta tuhumi wani kamfani mai suna Devumi da laifin sayar da mabiyan bogi, aka sasanta aka yanke wa mai shi dala miliyan 2.5, amma aka jingine sauran in ya biya dala 250,000, sannan a 2024 ta kafa dokar da ta haramta saye da sayar da irin waɗannan lambobi don kasuwanci. Abin da wata ƙasa take cin tara a kansa, a nan wani ya sa shi a sitatus yana kiran kansa ƙwararren mai tallan zamani, har yana buɗe aji yana karɓar kuɗin koyarwa. Abin yana ci mini rai, don waɗanda yake ci ba masu kuɗi ba ne, masu adashi ne irinki.

Batun kalmar sirri kuwa ya wuce asarar kuɗin da za ki ba shi. Wanda ya shiga shafinki yana iya canza lambar waya da imel cikin minti ɗaya, ya rufe ki a waje, ya ci gaba da ɗora hotunan kayanki da lambar asusun bankinsa. Abokan cinikinki za su tura kuɗi da sunanki, ke kuma za a zo nema har gida. Ƙwato shafin da aka sace wahala ce ta gaske, sai ki yi ta cike fom kina ɗaukar bidiyon fuskarki kina jira, ba mutumin da za ki kama ki yi wa bayani. Yau ɗin nan ki kunna tabbaci mai mataki biyu a saitin tsaro. In za ki ɗauki mai taya ki aiki nan gaba, akwai hanyar ba shi izini ta Meta Business Suite, wato manhajar Meta, kamfanin da ya mallaki Instagram, ba tare da ya san kalmar sirrinki ba.

Akwai kuma ɓangaren da na san zai fi taɓa ki. Mece ce manufar lambar bogi in ba a sa mai saye ya zaci kayanki sun samu karɓuwar da ba su samu ba? Manzon Allah (SAW) ya hana najashi, wato mutum ya riƙa taya kaya ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi mai saye na gaskiya, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. A Muslim kuma akwai hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ki kai wa malaminki maganar ki ji, amma ki tambayi zuciyarki tukuna ko za ki iya gaya wa mai sayen turminki cewa dubu goman da ta gani ta yarda da ke sayo su kika yi. Mutum dubu biyun da suka bi ki don kansu ba kaɗan ba ne, Hajiya. In ɗaya cikin ɗari ya saya kafin sallah, turmi ashirin ke nan.

Kuɗin da kika yi niyyar ba shi, ga inda za ki sa su. Ki ɗauki bidiyo biyu da wayarki, na kaya iri ɗaya, kowanne bai wuce sakan 15 zuwa 20 ba, ki bambanta su a abu ɗaya tak, misali ɗaya ya buɗe da farashi, ɗayan ya buɗe da warware turmi. In kika canza abu uku a lokaci guda ba za ki san wanne ya yi aiki ba. Ki biya wa kowanne talla daidai wa daida na kwana biyar zuwa bakwai, ki zaɓi manufar turo saƙo ta WhatsApp, ki taƙaita shi ga mata a garuruwan da kike iya kai kaya. Ki sa a lissafi cewa Meta na ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan tallan Najeriya, kuma in ta cikin manhajar iPhone kika biya akwai ƙarin kashi 30 na Apple, don haka ki biya ta burauza. Sai ki samu littafi ki ja layi huɗu: abin da kika kashe, saƙo nawa ya shigo, nawa suka saya, ribar nawa ta rage. Idan kin kashe naira 10,000, mutum 40 suka yi magana, 4 suka saya, to kowane mai saye ya zo miki a kan naira 2,500, sai ki gwada da ribar turmi ki ga ko ya biya. Bidiyon da ya fi kawo mai saye da arha shi za ki ƙara wa kuɗi, ko da ɗayan ya ninka shi yawan kallo. In saƙo yana shigowa amma ba a saye, to ki bar bidiyon ya huta, ki duba farashinki da saurin amsarki da kuɗin aike. Duk wadda ta yi miki magana kuma ki tambaye ta a ina ta ga kayan, ki rubuta, ki nemi izininta ki adana lambarta don ta riƙa ganin sitatus ɗinki. Ki fara gwajin tun kafin a ga watan azumi, domin masu ɗinkin sallah da wuri suke sayen yadi kafin teloli su rufe karɓar aiki.